Maliki Mai Kushin da Fatun Layya

Jama'a, a gyara zama. Mai tsaye ya nemi dutse, mai cin tuwo ya rufe kwano. Yau zan gabatar muku da Mai Girma Sarkin Kushin na Zango da kewaye, Garkuwan Mazaunai, Dodon Soso, wanda ya raba ɗan acaɓa da ciwon ƙugu, Malam Maliki ɗan Hamma. Kada wani ya wahalar da kansa ya tafi fada tambayar ranar da aka naɗa shi. Ba a naɗa shi ba. Ni na ba shi sarautar a bakin tasha ina jiran fasinja, kuma har yau bai ce ya karɓa ba.

Ni Auta ake ce mini, acaɓa nake yi. Aji biyu na yi a sakandare, na ga allo ba ya motsi, na fito. Gidanmu da gidan su Maliki katanga ɗaya ce ta raba, ita ma ta zube tun wata damina ba a tayar ba, saboda haka abin da zan faɗa muku ba a majalisa na tsinto shi ba.

Gidan su Maliki gidan makaɗa ne tun kaka da kakanni. Ubansa Hamma shi ke riƙe da gangar noma a duk yankinmu. Manya sun ce in an yi gayya Hamma ya tsaya a bakin gona ya saki ganga, rago ma sai ya karya ƙotar fartanya. Maliki ya gaji gangar, ya ƙara da kalangu saboda biki. Shi da kansa yake haɗa kayan kiɗansa, kamar yadda ya ga ubansa na yi: a samo ɗanyar fatar akuya, a jiƙa, a shafe ta da toka a kankare gashin, a ɗora ta kan kango tun tana da danshi, a ja tsirkiya har sai ta yi tsam, a bar wa rana sauran aikin. In ta bushe ka ɗan taɓa ta da yatsa sai ta amsa. Sannan a gidansu ba a yanka wa kiɗa kuɗi. Makaɗi zai kaɗa, ya wasa ka, ya ambaci ubanka da kakanka, kai kuma ka ba shi gwargwadon girmanka. In ya ce maka ga abin da za ka biya, to ya zage ka, ya nuna ba ka san ya-kamata ba.

Mutum ne dogo, siriri, wanda hannunsa bai san hutu ba. In yana zaune yana kaɗa gwiwa. In yana cin abinci yana kaɗa gefen kwano. A masallaci ma sai ka ga ɗan yatsansa na rawa a kan cinya, har sai na kusa da shi ya yi gyaran murya.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ina cikin samarin da suka cika bayan a-kori-kura muka tafi Katsina muna kabbara, na dawo murya a dishe, takalmi ƙafa ɗaya. Murna muke yi da gaske, har yanzu ma ban fasa ba. Amma abin da ya faranta wa gari rai shi ya rufe wa Maliki tukunya. In faɗi gaskiya, ba wanda ya zo ya ƙwace masa kalangu. Kira ne kawai ya ɗauke. Biki ya koma walima, a kawo malami da lasifika, a yi wa amarya nasiha, a raba shinkafa a watse. Wanda ma yake son kiɗan a ransa sai ya ji kunyar maƙwabta. Gayyar noma kuwa dama ta daɗe tana ja da baya, mai hali ya ɗauki shanun huɗa, marar hali ya yi da 'ya'yansa. Maliki ya rataye ganga da kalangu a ɗaka, ya fito ƙofar gida yana kaɗa benci.

Ya gwada kasa rake. Duk wanda ya zo wucewa sai ya hau yi masa kirari, shi kuma ya tsaya ya ji daɗi, ya ɗauki gaɓa biyu ya ce Allah ya saka da alheri. Kafin mako ya zagayo babu rake babu uwar kuɗi. Ya gwada dakon buhuna ranar kasuwa, bayansa ya ce bai san wannan zancen ba. Gonarsu kuwa 'yar ƙarama ce, geron da take bayarwa ba ya kai su bazara.

Ga kuma tsohuwa a gida. Iya Kubura, mahaifiyarsa, ɓarin jikinta ya shanye tun kafin wannan zamani. Mace ce mai jiki, matar Maliki kuwa, Hadijatu, in iska ta taso sai an riƙe ta. Don haka Maliki kaɗai ke iya ɗaga tsohuwa. Da safe ya sungume ta ya fito da ita gindin darbejiya, rana ta juya ya matsar da ita, da yamma ya mayar da ita ɗaki. Ciwon ya ci hannu ya ci ƙafa, amma bai taɓa bakinta ba.

Da Babbar Salla yayansa Audi ya zo daga Fatakwal, inda yake gadi. Shi ke aiko musu da ɗan abin cefane. Ina tsugune ta wajen katangarmu ina babbakar kan rago na ji su.

"Maliki, ni fa na gaji. Gida biyu nake ɗauke da shi a kan albashin gadi."

"Na sani, Yaya."

"Ba ka sani ba. Na yi wa maigidana magana, akwai ƙofar da ba ta da mai gadi. In an gama kaka zan zo, ka haɗa kayanka mu tafi."

"To Iya fa? Wa zai riƙa ɗaga ta?"

"A samu yaran unguwa su riƙa taimaka wa Hadijatu."

Daga gindin darbejiya tsohuwa ta ɗaga murya. Ba ta faɗin sunan Audi, ɗan fari ne. "Kai babba, ni buhun gyaɗa ce da za a kira yaran unguwa su ciccibe ni?"

"Iya, yunwa fa ake magana."

"Yunwar ta kashe ni a hannun ɗana, ta fi mini ƙoshi a hannun 'ya'yan wasu."

Audi ya ce, "Shi ke nan. In na zo da kaka na tarar yana da sana'ar da ke ciyar da gidan nan, na bar shi. In na tarar yana kaɗa benci, mota ɗaya za mu shiga."

Bayan Salla da 'yan kwanaki Maliki ya zo tasha, ba don komai ba, zaman gida ne ya ishe shi. Ya tsaya kusa da babur ɗina yana kaɗa tanki. A lokacin sit ɗina ya yage, soso ya leƙo waje kamar burodin da ɓera ya fara, na ɗaure shi da igiyar roba. Ya kai hannu ya latsa, ya sake latsawa.

"Auta, a kan wannan kake ɗora bayin Allah?"

"Kawu, ai ba sa daɗewa a kai. Gudu nake."

"Kwance mini shi."

"Me za ka yi da shi?"

"Kai dai kwance."

Tun zamanin ubansa maƙwabta kan aika wa gidansu da fatar akuyar layya saboda ganga, kuma bana ma sun aika, don al'ada ba ta jin labari da wuri. Fatun na nan jibge babu gangar da za a ɗora musu. Ya ɗauki ɗaya ya yi mata abin da ya iya. Ya jiƙa, ya kankare, ya ɗora kan sit tana da danshi, ya huda gefe-gefe ya zura tsirkiya ta ƙasa ya ja, ya taka da ƙafa ya ƙara ja, ya shanya a kan rufin kaji.

Ranar da na ɗaura sit ɗin nan na shigo tasha, kasuwa ta tashi. Fari tas, sumul, babu ko tattara ɗaya. Na buga shi da tafin hannu ya ce kwam, har mai ƙosai ta waiwayo. Daga ranar na daina kiran fasinja da baki, sai dai in kaɗa sit. Gaskiya yana da tauri, in ka faɗa rami sai ka ji shi har tsakar ka, amma wa ya damu? Saurayi zai iya jure komai in dai ana kallonsa. Kafin wata ya ƙare rabin baburan tashar Zango sun sa fatar akuya, har daga garin Babban Mutum wasu suka zo. In fasinja ya yi ƙaranci da rana sai mu jeru muna kaɗa sit, wani ya riƙe uwa wani ya riƙe amshi, har wani dattijo ya tsaya ya ce, "Kiɗan da aka kora ta ƙofa ne ya dawo ta taga?"

Maliki ya samu abin yi, amma aljihu bai ji a jikinsa ba. In ya gama aiki aka ce nawa ne, sai ya ja da baya ya ɗaga hannu ya fara, kamar yadda ya yi wa Sadiƙ ciyaman ɗinmu: "Na Sadiƙu ikon Allah, mai babur kamar walƙiya, ɗan mutanen ƙwarai, ai kai ba a yi maka ciniki!" Ɗan acaɓa kuwa ba basarake ba ne. Sai ya saurara har ƙarshe yana murmushi, ya laluba ya miƙa masa abin da ba zai sayi kokon gero ba, ya tayar da babur. Ni ma haka na yi masa, ba zan ce na fi su ba. Duk da haka ana ɗora tukunya a gidan, kuma Maliki har ya fara tafiya yana buɗa kafaɗa.

Sai ruwan farko ya sauka.

Ya sauka ne da asubahin wata Juma'a, baburanmu na waje. Da safe na ga sit ɗin ya ɗan saki, na ce rana za ta gyara. Wani malami ya tsayar da ni, babbar riga fara ƙal, ɗaurin aure za shi Daura. Ya hau, muka kama hanya. Tun kafin mu yi nisa na ji yana ta gyara zama, yana zamowa yana manne mini a baya. Sai wani wari ya fara biyo mu. Na ce ko mushe ne a gefen titi, na ƙara wuta, warin ya ƙara wuta. Da muka isa wajen rijiyar Kusugu ya sauka, na kalli bayan rigarsa na kau da kai. Wani ruwan ƙasa-ƙasa mai yauƙi ya zana masa taswira tun daga ƙugu har cinya.

Ya shafo, ya sansana, ya dube ni.

"Yaro, a kan me ka ɗoro ni?"

"Fatar layya ce, Allah gafarta Malam. Mai albarka."

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya dai tsaya yana kallon rigar, sannan ya tambayi wani mai shago inda zai sami ruwa da sabulu.

Da na komo Zango na tarar abin ya zama annoba. Fatun duk sun jiƙe sun koma yadda suke a jikin akuya, sun ɗauki ruwa sun ba soso, rana ta fito ta dafa. Ƙudaje sun yi sansani a tasha. Karnukan mahauta suna bin babur har bakin gari. Mata in sun hango mu sai su toshe hanci da gefen hijabi su ce gara su taka. A majalisu har an fara muhawara, wasu na cewa fatar abin da aka yanka ai mai tsarki ce, wasu na cewa tsarki daban ɗoyi daban, kowa ya sake wando kafin ya shiga sahu.

Washegari Sadiƙ, ciyaman ɗinmu na 'yan acaɓa, ya ce kowa ya kwance sit ɗinsa. Muka ɗauka a ka muka je muka jibge su a ƙofar gidan Maliki. Ya fito ya tsaya, hannunsa na kaɗa cinya da sauri da sauri.

Sadiƙ ya ce, "Malam Maliki, ga gangunanka mun dawo maka da su. Mun yi niyyar zuwa wajen alƙali, sai muka ga ba mu san sunan laifin ba."

Aka fashe da dariya. Daga cikin gida muka ji muryar tsohuwa.

"Maliki! Wa ya mutu a ƙofar gida?"

"Ba kowa, Iya."

"To wani abu dai ya mutu."

Da jama'a suka watse na ji ta tana yi masa faɗa a hankali, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Ubanka in hadari ya taso yana tsakiyar gona, me yake fara yi?"

"Ya cusa ganga cikin riga."

"To kai da ka ɗinka wa babur ganga, wace rigar ka ɗinka masa?"

Abin ke nan. Duk makaɗi ya san ruwa ne ajalin ɗanyar fata, shi ya sa ba ya barin ɗigo ya taɓa ta. Maliki ya san haka tun yana goye. Amma a duk rayuwarsa bai taɓa ganin fatar da aka bari a waje ta kwana ba, don haka tunanin bai zo masa ba sam.

Ya yi kwanaki bai fito ba. Yara in sun wuce ƙofar gidan sai su yi kukan akuya su ruga. Ina jin sa ta katanga yana zagaye tsakar gida, ya je ya dawo, ya kaɗa turmi, ya kaɗa randa, har Hadijatu ta ce don Allah ya zauna kanta na juyawa. Gero ya fara tsiro a gonaki, kowa ya san in ya tsiro kaka ba ta da nisa.

Wata safiya na fito da babur, na ɗaure buhu a mazaunin sit, sai na gan shi tsaye da hularsa ta zuwa unguwa.

"Kai ni Daura."

"Kawu, in gudu za ka yi, Fatakwal ta can take."

"Kai ni wajen masu kushin."

Na kai shi shagon wani Abdulmuhaimin, mai gyaran kujerun mota da na ɗaki. Yaro ne, Maliki ya girme shi nesa ba kusa ba. Mai gemu, marar magana, rediyonsa kullum kaset ɗin wa'azi. Maliki na shiga ya cire takalmi ya ɗaga hannu: "Gaishe ka na Daura, mai allura gagara ƙarfe, ɗan..."

Abdulmuhaimin ya ɗago kai. "Baba, nan ba a roƙo."

Na ɗauka juyawa zai yi. Sai ya sauke hannun ya ce, "Koyo na zo."

"Kai ne na Zango mai fatar akuya?"

"Ni ne."

"Labarinka ya rigaye ka. Ga filaya, ga tsohuwar kujera can. Cire mata ƙusoshi, kada ka yaga katakon."

Haka dattijo mai furfura a gemu ya tsuguna a tsakiyar yara 'yan koyo yana cire ƙusa. Duk daminar nan haka ya yi ta. Da asuba ya leƙa gona ya ɗan yi noma, ya dawo ya fito da tsohuwa, ya nemi motar da za ta rage masa hanya, wani lokaci a but, wani lokaci a bayana in ban sami fasinja ba. Kafin la'asar ta yi sanyi ya kamo hanyar gida don ya mayar da ita ɗaki. In hadari ya haɗo da rana yana Daura, sai ka ga ya yar da aiki ya fito titi yana ɗaga wa kowace mota hannu, don ya san tsohuwa na gindin bishiya ba mai iya shigar da ita. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

Abin da ya fi ba shi wuya ba ƙusa ba ce, zama ne. Ledar kushin ba fatar akuya ba ce da za ka ja ta ta biyo ka. Sai an auna, an zana, an bar gefen ɗinki, sannan a sa almakashi. Shi kuwa hannunsa ya riga kansa. Ya ɓata leda ba sau ɗaya ba, Abdulmuhaimin ya karɓe almakashin ya ce ba zai sake riƙewa ba sai ya iya karanta tef ɗin awo. Maliki bai taɓa shiga aji ba. Nan aji biyuna ya yi rana. A hanya in mota ta wuce mu sai in ce, "Kawu, karanta lambarta." Ya ƙura ido ya ce, "Mai ƙugiya, sai mai ciki biyu, sai sanda." In ce, "Bakwai, takwas, ɗaya." Wata rana muka kusa shiga bayan tirela saboda ya ce in matsa bai gama karantawa ba.

Ya koyi ɗora leda mai hana ruwa a kan soso kafin a sa ta waje. Ya koyi ɓoye ɗinki ta ƙasa inda ruwa ba ya kwanciya. Ya gano in aka shanya ledar a rana ta yi laushi, za ta jawu, kuma wajen ja babu wanda ya kama ƙafarsa a shagon, nan kam gadonsa ne. Abu ɗaya ya gagara. In mai kaya ya zo Abdulmuhaimin ya ce, "Baba, gaya masa kuɗin," sai Maliki ya sunkuyar da kai ya ce, "Abin da Allah ya hore." Abdulmuhaimin ya ce masa, "Baba, ciniki halal ne. Ba zagi ba ne." Ya ce to. Gobe ya sake.

Da aka fara yankan gero, Abdulmuhaimin ya tara masa ragowar leda da soso a buhu, ya ba shi tsohuwar guduma da basilla, ya ce ya je ya gwada. Maliki ya kafa tebur a gindin wata bishiya a bakin tasharmu. Ba wanda ya je. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya gudu yake. Mu da muka sayi sababbin sit da kuɗinmu, wa zai sake kai nasa? Yana zaune daga safe har yamma yana kaɗa tebur, mu muna can gefe muna yi masa kukan akuya ƙasa-ƙasa. Ni dai na yarda ya sake yi mini tsohon nawa da ke jibge a gidansa, ba don tausayi ba, don ya ce kyauta zai yi mini. Ya yi shi baƙi mai jan baki. Na ɗaura, amma na shimfiɗa tawul a kai, saboda tsaro.

Sai ga Audi ya sauka daga mota da jakarsa, ranar kasuwa, tasha cike. Bai ma je gida ba. Ya tsaya gaban teburin ya dubi guduma, ya dubi buhun leda, ya dubi ƙaninsa.

"Wannan ce sana'ar?"

"Ita ce, Yaya."

"Tun safe mutum nawa suka zo?"

Maliki ya hau kaɗa tebur. Wani daga cikinmu ya ce, "Meee," aka yi dariya. Audi ya juya ya dube mu, ya ce, "Na ji labarin tun a mota. Tashi mu je gida ka yi sallama da Iya, jibi za mu wuce."

Maliki ya miƙe, amma ba gida ya nufa ba. Ya zo ya fizge tawul ɗin da ke kan babur ɗina, ya kira mai garuwa. Ya karɓi garwa ya juye a kan sit ɗin, ya karɓi ta biyu ya juye, ya ce a ƙaro. Jama'a suka fara taruwa. Ya sa gwiwa ya danne sit ɗin ya saki, ya danne ya saki, don in akwai inda ruwa zai shiga ya shiga. Sannan ya share da gefen hannu sau ɗaya ya juyo.

"Yaya, zauna."

Audi na sanye da farin yadi sabo, irin na mai dawowa gida. Ya ce, "Ni za ka mayar abin wasa a tasha?"

"In ka tashi da ɗigo ɗaya a rigarka, ni zan ɗaukar maka jaka har Fatakwal."

Mai ƙosai ta ce, "Zauna mana, Alhaji, mu ma mu gani." Audi ba alhaji ba ne, amma kalmar ta yi masa daɗi. Ya tattare riga ya hau ya zauna. Muka ce ya yi tsalle a kai, ya harare mu, amma ya ɗan girgiza. Da ya sauka, tasha gaba ɗaya ta zagaya bayansa tana duba mazaunan babban mutum. Fari ƙal. Wani ma har da sunkuyawa ya sansana sit ɗin.

Sadiƙ ciyaman ya turo babur ɗinsa gaba. Nasa sabon ma ya fara tsagewa. Ya ce, "To Malam Maliki, irin wannan nawa za ka yi mini?"

Na ga hannun Maliki na dama ya fara tashi sama. Bakinsa ya buɗe, na ji "Na Sadiƙu..." ta fara fitowa. Audi ya sunkuya ya ɗauki jakarsa. Ya rataya ta a kafaɗa. Maliki ya dubi jakar. Ya kama hannun nan nasa da ɗaya hannun ya sauke shi, kamar mai kama kaza.

"Ɗari uku."

"Haba! Ɗari biyu dai."

"Ɗari uku, ciyaman. Leda saye ake yi."

Sadiƙ ya yi tsaki, ya ce makaɗa ma sun lalace, sannan ya ciro sifana ya fara kwance sit. Kafin ya gama, biyu sun bi layi a bayansa. Audi ya sauke jakar ya zauna kan bencin mai shayi, ya daɗe yana kallo. Can ya ce da ni, "Kai ɗan gidan wa ne ma? Zo ka kai ni gida." Kwana huɗu ya yi ya koma shi kaɗai.

Yau in ka shigo tashar Zango za ka ga rumfar kwano mai ƙofa biyu, da keken ɗinki, da kujerun motocin haya jere a waje suna jiran layi. Yaran da ke aiki a ciki yawancinsu 'ya'yan makaɗa ne daga ƙauyuka, iyayensu suka kawo su, kuma abin da yake fara koya wa kowane shi ne ya dubi mutum a ido ya faɗi kuɗin aiki. Iya Kubura ta ƙara shekaru tana shan inuwar darbejiya tana yi wa duniya gyara, kuma har ranar da Allah ya karɓi abarsa ba wanda ya taɓa ɗaga ta sai ɗanta.

Shekaranjiya na je rumfar, fasinja ya yi wuya, zama ya gundure ni. Na same shi ya duƙufa yana zura zare a allura. Na tsaya a bakin ƙofa na gaya masa cewa na rubuta tarihinsa kaf, za a karanta a birni da ƙauye, matasa za su ɗauki darasi, wataƙila ma a kira shi a rediyo ya bayyana wa duniya sirrin ɗaukaka. Na ce ya ba ni kalma ɗaya ta hikima in rufe da ita, irin wadda za a rubuta a bayan mota.

Bai ɗago ba. Ya lashi bakin zaren ya sake gwadawa.

"Ka gama?"

"Na gama, Kawu."

"To matsa, ka tare mini haske."